Amsa: Me ya sa masana'antu ba su cika zama a Katsina ba?

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa masana'antu suka taru a Kano suka bar mu. Amsar tana cikin kuɗin dako. Wani Bajamushe, Alfred Weber, ya yi bayaninsa tun 1909: mai masana'anta yakan kafa ta ne inda jigilar ɗanyen kaya da kai haja kasuwa za su fi masa sauƙi.

Dubi kamfanin mulmula ƙarfe na Katsina. An tsara shi ne a kan sandunan ƙarfen da za a riƙa kawowa daga kamfanin sarrafa ƙarfe na Aladja, can jihar Delta, a bayan tirela, tunda layin dogo bai iso garin ba. Da kamfanin na Aladja ya durƙushe, mu ma muka ji a jikinmu. Funtua kuwa auduga na bakin ƙofarta, ga jirgin ƙasa, shi ya sa masaƙa ta samu gindin zama.

Kano ta samu dogo tun 1911. Masana'antu suka taru a Bompai da Sharaɗa, kowace na morar makanikai da dillalan 'yar'uwarta. Wallahi wannan ne ya sa na ƙagu a kammala layin Kano zuwa Maraɗi, wanda zai bi ta Daura da Katsina da Jibiya.