Malamin zanena ya rasu ban je na gode masa ba

Tambaya: Salamu alaikum Anti, dan Allah shawara nake nema. Malamin da ya koya min zane a sakandare ne ya rasu watan jiya, ni sai a Facebook ma na gani. Wallahi mutumin nan da kuɗinsa yake siyo min fensir da kala lokacin da kowa a gida ke cewa zane aikin banza ne, in an tashi sai ya zaunar da ni gindin darbejiya ya ce zana hannunka, na zana ya fi sau ɗari, wai sai ido ya iya kallo kafin hannu ya iya zane. Yau da rubutun allon shaguna da zanen jikin manyan motoci nake ci da iyalina, amma shekara 11 ban leƙa shi ba, kullum sai in ce sai na samu abin riƙewa a hannu. Abin yana ci min rai. Ya zan yi?
Mai karatu daga Gusau

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Ba zan ɓoye maka ba, ka yi sake, ai malami ba tsarabarka yake jira ba, ganinka kawai ya ishe shi. Amma ka share hawayenka, hadisi ya ce in mutum ya mutu ayyukansa sun yanke sai uku, a ciki har da ilimin da ake amfana da shi, to kai ɗin nan ne ilimin nasa.

Dubi Ladi Kwali da ke bayan naira 20, wajen wata cikin iyayenta mata ta koyi ginin tukwane tun tana ƙarama, sannan a 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da wani Bature mai suna Michael Cardew ya buɗe a Abuja ta da, wato Suleja, ta koyi aiki da inji, har jami'ar ABU Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Hannun da ya fara ɗora ta a kan yumɓu ne nake yawan tunawa in na riƙe kuɗin nan.

Ka shirya satin nan ka je ta'aziyya, kar ka sake jiran sai ka tara, ka ba 'ya'yansa labarin darbejiyar nan don ƙila ba su sani ba. In ka dawo kuma, yaron da ke tsayawa bakin shagonka yana kallon buroshi, kira shi ka miƙa masa fensir.