Ina ilektron ke samun zafi a filasmar katod?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin fiziks ne. Na karanta cewa idan aka saki wutar lantarki farat ɗaya tsakanin ƙarafa biyu a cikin bututun da aka zuƙe wa iska, ilektron da ke kusa da katod, wato ƙarfen da ilektron suke fitowa daga gare shi, sukan kai zafin digiri dubban gomomi, alhali ƙarfin wutar bai wuce bolt 20 ba. Daga ina wannan zafi yake fitowa?

Amsa: Tambayarka ta yi ma'ana, kuma abin da ya ɗaure maka kai shi ne ƙanƙantar bolt ɗin, alhali ba can ya kamata ka duba ba. Abin dubawa shi ne ƙanƙantar wurin da wutar take bi.

Da yake babu iska a bututun, katod ɗin ne da kansa yake samar da abin da wutar za ta bi. Fuskar ƙarfe, komai sulɓinta, tana da ƙananan tsinaye da ido ba ya gani. Wutar takan taru a kan ɗayansu, ya yi zafi ya fashe, ya zama filasma mai kauri ƙwarai, wato tururin ƙarfe mai tsananin zafi wanda ƙwayoyinsa suka rabu da wasu ilektron ɗinsu. Masanin fiziks Gennady Mesyats da abokan aikinsa sun gano wannan fashewa a Tomsk ta ƙasar Rasha a 1966, kuma daga baya ya raɗa wa kowace fashewa guda suna "ekton". Faɗin wurin 'yan kaso ne cikin miliyan na mita, kuma yakan mutu tun kafin kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ya cika, wani ya tashi a gefensa.

To, dukan wutar ta wannan ɗan ɗigo take matsewa ta wuce. Ilektron ne suke ɗauke da ita, suna gudu suna karo da ayon, wato ƙwayoyin zarrar da suka rasa ilektron, kuma kowane karo yana mayar da gudun da ya miƙe ya zama kai-komo barkatai, wanda shi muke kira zafi. Tsarin ɗaya ne da na wayar rishon lantarki, sai dai a nan ilektron ne suke riƙe yawancin zafin, domin nauyinsu bai kai ya girgiza ayon a karo ɗaya ba. A katod na jan ƙarfe zafinsu yakan kai kusan ilektron-bolt 3.5 (ilektron-bolt guda shi ne kuzarin da ilektron yake samu idan bolt ɗaya ya ingiza shi), kuma tun da kowane guda daidai yake da digiri 11,600 a ma'aunin Kelbin, ka ga an haura digiri 40,000. Ka lura kuma cewa 3.5 bai kai ko kusa da 20 ba, saboda haka lissafin bai saɓa ba.

Abubuwa biyu ne suke taka wa zafin birki. Filasma tana ƙara zafi tana rage turjiya ga wuta, don haka ɗumamar tana raguwa da kanta. Sannan filasmar tana bazuwa cikin sarari da gudun kilomita 10 zuwa 20 a daƙiƙa, wanda wani masani mai suna Tanberg ya fara kimantawa tun a 1930, kuma matsin ilektron masu zafi ne yake ingiza ayon ɗin, ilektron ɗin kuwa su huce.

Inda sakin wuta farat ɗaya ya bambanta shi ne idan ta kai dubban amfiya, wato ma'aunin yawan wutar da ke gudana, cikin ƙanƙanin lokaci. A nan maganaɗisun da wutar take haifarwa yakan shaƙe filasmar ya hana ta bazuwa, har wani wuri ya tsuke kamar wuyan gora. A wuyan nan wutar takan ƙara matsewa, filasmar ta hargitse, turjiyarta ta fi yadda karo kaɗai zai bayar, sai zafin ilektron ya kai ɗaruruwan ilektron-bolt ko fiye, har ya fitar da hasken eksire. A ganina wannan sashe ne ya fi cancantar lokacin ɗalibi.

Da yake ɗigon ya yi ƙanƙanta ga kowane ma'auni, galibi ta ayon ake gane zafin, domin yawan zafi yakan sa su rasa ilektron da yawa: ƙwayar zarrar jan ƙarfe takan rasa ilektron 2 a matsakaici, amma a farkon sakin wutar adadin yakan fi haka, sannan ya sauko.