Ga 'yar'uwar da ɗanta ke buga kai a bango

Salamu alaikum 'yar'uwa. Sai da na ajiye waya na share hawaye kafin na iya rubuta miki. Kin ce ɗanki shekararsa 4, ba ya magana, yana buga kai a bango, an haɗa ki da wata ƙwararriya kan halayyar yara a nan Yamai, kina tambaya ko aikinta ya kai kuɗin da ta yanka. Wallahi labarina kika ba da.

Nawa yanzu yana da shekara 8. Muna Tawa lokacin da abin ya tsananta. Ranar sunan ɗiyar ƙanwar maigida, makaɗa na farawa ya toshe kunnuwa, ya faɗi yana birgima, ya ture ƙwaryar fura. Gwaggon mijina ta miƙe gaban mata sun fi 30 ta ce wannan ba mutum ba ne, ɗan ruwa ne, a kai shi bakin tabki a gani in bai koma gidansu ba. Ba wadda ta tanka mata, har waɗanda muke ci kwano ɗaya. Na goya shi, ƙato da shi, na tako gida da rana tsaka, takalmina ma can na bar su. Kuɗin hayaƙi da turare da na zubar saboda bakin matar nan Allah kaɗai ya san adadinsu, kuma har gobe ba ta ce mini yi haƙuri ba.

Wadda ta taimake mu ilimin halayyar ɗan Adam ta karanta a jami'a, sannan ta yi horon ABA, wato hanyar lura da halayyar yaro da koya masa sabuwa mataki-mataki, a ƙarƙashin wata da ta fi ta. Ba ta ba mu magani ko ƙwaya ɗaya ba. Littafin 'yan lakkwal ta sa na saya, na ja layi uku: me ya faru kafin, me ya yi, mu me muka yi bayan nan. Mako biyu ina rubutawa sai ga abin a fili: yana buga kai, ni kuma in ruga in miƙa masa waya. Ashe da hannuna nake koya masa. Na yi kuka ranar. Ta ce yaro ba ya yin abu a banza: ko yana son wani abu, ko yana gudun wani abu, ko hankalinki yake nema, ko jikinsa ne ke jin daɗin hakan.

Ta ɗauki hoton moɗa da na waya, muka liƙa a kwali. In ya miƙo hoton, nan take a ba shi. Ki shirya, kwanakin farko bugun ƙaruwa yake yi kafin ya ragu, ki tare kansa da matashi, kada ki yi faɗa. Kuma ki kai a auna kunnensa, mu mun makara a kan wannan.

Ta faɗa mini a binciken da wani masani mai suna Lovaas ya fitar a 1987 a Amurka, awa 40 a mako aka riƙa yi wa yara irin wannan horon, ta ce wane gida ne nan zai iya? Minti 10 ta ba ni bayan la'asar, sai lokacin wanka da cin tuwo, ta kuma koya wa yayarsa. Shi ya sa muka ɗore.

Ki tambayi taki ina ta yi karatu, wa ya duba aikinta, za ta shigo gidanki, za ta koya miki da kanki? In ta rufe ɗaki ta bar ki waje, ko ta yi alkawarin zai yi magana cikin wata uku, riƙe kuɗinki. Ki ja maigida ya zauna ko sau ɗaya, nawa sai da ya ga yaron ya miƙo hoton moɗa da idonsa ya daina cewa sangarta ce. Ke kuma kina samun barci kuwa? Ni shekara biyu ban san barcin kirki ba, har awon jinina ya hau.