Me ya sa wasu ma'aikatan lafiya suka yi ɗari-ɗari da rigakafin korona?

Ka tambaya: in har allurar tana da amfani, don me wasu ma'aikatan asibiti suka ƙi ta? Ɗan'uwa, farar riga ba ta cire tsoro. Kuma ma'aikatan lafiya ba likitoci kaɗai ba ne. Akwai nas-nas, ungozoma da masu shara, ba kowa ya karanci yadda ake gwada magani ba.

Babban abin da ya ɗaure wa mutane kai shi ne sauri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana annobar a Maris 2020, kafin ƙarshen Disamba har an fara yi wa jama'a allurar Pfizer a Ingila. Sai dai an shafe shekaru ana binciken fasahar mRNA, wadda aka haɗa allurar Pfizer da ita, tun kafin korona ta ɓulla, matakan gwajin ne aka gwama, ba tsallake su aka yi ba. Sannan a Maris 2021 Jamus da Faransa suka dakatar da allurar kamfanin AstraZeneca na ɗan lokaci saboda daskarewar jini, matsalar da ba kasafai take faruwa ba, amma labarin ya riga ya bazu.

Ɗari-ɗarin da na fi gani da hujja shi ne na mata. Ba a sa masu juna biyu a gwajin farko ba, alhali yawancin nas-nas mata ne. Tambayarsu tana kan hanya, amsar ce ta makara.

Tilastawa kuwa ba ta zo da sauƙi ba. Faransa ta dakatar da ma'aikatan lafiya kusan 3,000 da ba su yi allurar ba a Satumba 2021, Ingila kuma ta janye nata shirin na tilasta allurar a farkon 2022 bayan an yi ta fargabar ƙarancin ma'aikata.