Me ya sa jar giyar inabin gidan Château Musar na ƙasar Lebanon take daɗewa ba ta lalace ba?

Tambaya: Malam, ina aiki a wani otal a ƙasar waje, na ga ana sayar da kwalbar Château Musar da ta haura shekara 30, da tsadar gaske. Ni ba na sha, sani nake nema. Yaya ruwan inabi zai kai haka bai ɓaci ba?

Amsa: Ɗan'uwa, sirrin yana cikin ɓawon inabin. Ana barin jar giya ta tsumu tare da ɓawo da ƙwayoyinta, daga nan take samun launi da sinadarin tanin, mai sa bauri a baki. Dangin sinadarin nan ne majemanmu suke samu a bagaruwa su jeme fata don kada ta ruɓe. Tanin da tsamin inabin da barasar da ke ciki su ne ke tsare ta. Da tafiya ta yi tafiya sai baurin ya lafa, launin ya koma ja mai ɗan duhun ƙasa, laka ta kwanta a gindin kwalba. Amma fa sai an kwantar da kwalbar a wuri mai sanyi da duhu, don marfin ya zauna da danshi, iska ba ta shiga ba. Yawancin giyar kasuwa ma ba don ajiya aka yi ta ba.

Gaston Hochar ya kafa gidan a 1930 a Ghazir, arewa da Beirut, gonakin kuwa suna kwarin Bekaa, kusan mita 1,000 sama da teku, inda sanyin dare yake hana inabi rasa tsaminsa. Ɗansa Serge, wanda ya yi karatu a Bordeaux ta Faransa, ya karɓi aikin a 1959. Suna haɗa inabi iri uku: Cabernet Sauvignon da Cinsault da Carignan.

Abin da ya fi burge ni shi ne haƙurinsu. Sai giyar ta cika shekara bakwai suke fitar da ita, kimanin shekara guda a gangunan katako, mafi yawan sauran a kwalba. Kamfani mai neman riba da wuri ba zai kulle jarinsa haka ba, sai gida mai tunanin jikoki. Ko a yaƙin basasar Lebanon, daga 1975 zuwa 1990, manyan motoci sun yi ta ratsa tsaunuka da shingayen mayaƙa da inabi zuwa Ghazir. A 1976 yaƙin ya hana su yin giya gaba ɗaya.