Yarona ya ce "gara mutum ya huta gaba ɗaya", yaya zan yi da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ina da kantin taki da maganin ƙwari a nan Maraɗi. Akwai yaron da muke tare shekara 7, shi ke riƙe da makullin mangaza. Tun da bashi ya yi masa katutu, matarsa kuma ta koma gidansu, ya sauya: ya daina cin abincin rana da mu, lissafi yana kuɓuce masa, duk ya rame. Shekaranjiya na ji ya ce wa abokin aikinsa "gara mutum ya huta gaba ɗaya". Ina tsoron in tambaye shi in sa masa tunanin da babu. Ko in ba shi hutu ya koma gida?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya saka maka da alheri da ka kasa kunne, don da yawa irin wannan magana wucewa take kamar iska.

Ka tambaye shi, kuma yau. Tsoron da kake ji kusan kowa na jin sa, amma masu bincike sun daɗe da duba wannan batu: tambayar mutum ko yana tunanin kashe kansa ba ta dasa masa tunanin. Wanda babu abin a ransa zai ce maka a'a. Wanda yake ɗauke da shi kuwa, sau da yawa sai ka ga ya sauke ajiyar zuciya, domin ya daɗe yana neman wanda zai faɗa wa. Ka kira shi gefe bayan la'asar, inda sauran yara ba za su ji ba. Ka fara da abin da idonka ya gani: "Na ga ka rame, ka yi shiru, na kuma ji abin da ka ce rannan. Don Allah gaya mini, kana tunanin hallaka kanka?" Daga nan ka yi shiru ka saurara. Kada ka yi saurin cewa "kai ba namiji ba ne?", kada kuma ka buɗe da maganar wuta. Ya san hukuncin tun yana makarantar allo. Ayar da ta hana, a Suratun Nisa'i, ita ce ta ƙare da cewa Allah Mai jin ƙai ne a gare ku, kuma wannan ƙarshen ya fi bukatar ji a yanzu.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarka shi ne makullin nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum 700,000 ke kashe kansu kowace shekara, kuma kusan ɗaya cikin biyar ta hanyar shan maganin ƙwari ne, galibi a ƙasashen manoma irin tamu. Tsananin tunanin yakan zo ne kamar guguwa, ya ɗauki mintoci ko 'yan awoyi ya lafa. In babu guba a kusa a wannan lokacin, mutum yakan tsira. Ƙasar Siri Lanka ta hana shigo da magungunan ƙwari mafi haɗari, sai yawan masu kashe kansu ya ragu ƙwarai. Don haka ka karɓi makullin cikin hikima, ka mayar da yaron wajen taki ko karɓar kaya, tare da wani. Ka faɗa masa dalili, kada ya ɗauka zargin sata kake masa.

Batun hutu, ban goyi baya ba a haka. Gidan da za ka tura shi babu mata, sai bango da masu bin bashi. Kantin nan shi ne wurin da ake ganinsa kullum, ake gaishe shi. Ka rage masa aiki, ka bar masa albashinsa, ka tabbatar masa ba korarsa za ka yi ba. In da hali, ka zauna da masu binsa a tsara biya kaɗan-kaɗan. 'Yan kasuwar Maraɗi sun fi kowa sanin yadda ake wannan sulhu. Da saninsa, ka sanar da wani na jikinsa, wa ko kawu, wanda zai riƙa kwana tare da shi.

Rashin barci, rashin cin abinci, rama, kasa tattara hankali da fid da rai, in sun wuce mako 2, alamun ciwon damuwa ne. Ciwo ne kamar hawan jini, yana da magani. Ka raka shi likita da ƙafarka, ku fara da CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, ko babban asibitin jiha, ka nemi mai duba lafiyar ƙwaƙwalwa. In an ba shi magani, yakan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin a ga sauƙi, kada ya yar da shi a kwana uku. Addu'a da rubutu su ci gaba, ba su hana zuwa likita. A gaya wa likitan gaskiya in yana shan tramol ko wani abu, da kuma in ya taɓa gwadawa a baya, domin wannan shi ne babban abin da ke ƙara haɗari.

Ka tsawata wa sauran yara, kada in ji an kira shi mahaukaci ko an kai zancensa fada. Ka kuma lura: in ya fara rabar da kayansa, yana neman gafarar mutane, ko ya natsu farat ɗaya bayan dogon ƙunci, kada ka ce ya warke. In ya ce ya shirya yadda zai yi, kada a bar shi shi kaɗai ko na minti ɗaya, a wuce asibiti nan take. In kuwa ya riga ya sha wani abu, Allah ya kiyaye, kada a ɗura masa madara ko manja, kada a sa shi amai. A ɗauki kwalbar a tafi da ita asibiti, ko a kira 'yan kwana-kwana a lamba 18.