Tambayi Likitan Dabbobi: Kajin Turawa Ko Kajin Hausa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina sayar da abinci a Idi-Araba, shinkafa da miya da soyayyar kaza. Ɗana da ke jami'a ya zo hutu ya tasa ni a gaba, wai kajin turawa allura ake ɗirka musu su kumbura, kuma cikin azaba ake kiwonsu, don haka in koma kajin Hausa. Ni kuwa in na koma, masu cinikina ba za su iya biyan kuɗin faranti ba. Ina mafita?
Daga wata uwa, Idi-Araba, Legas.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. A gaida mini ɗan boko, a ce masa ya ci rabin maki.

Batun allurar kumburi, babu ita. Kazar nama ta gidan gona tana isa yanka cikin sati 6 zuwa 8, ta Hausa kuwa sai ta kwashe wata 5 ko 6. Bambancin daga iri ne. Shekara da shekaru ana zaɓen masu saurin girma ana haɗa su, sannan a cika musu ciki da masara da waken suya dare da rana. Amma saurin nan da wahalarsa. Ƙirji yakan rinjayi ƙafa, ki ga kaza ta yi taku uku ta gurfana tana haki.

Abin da ya fi damuna shi ne magani. Wasu masu gona kan zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwan sha ko kajin lafiyarsu ƙalau. A jikin kowane kwalin magani an rubuta kwanakin da za a jira kafin a yanka ko a ci ƙwai, amma wanda Sallah ta ƙarato masa ba ya jira. Ragowar maganin sai ta bi nama zuwa cikinmu, ƙwayoyin cuta su saba da shi, ranar da ake buƙatarsa ya ƙi ci. Tarayyar Turai ta hana ba dabbobi irin wannan magani don ƙara girma tun 2006, a 2012 kuma ta hana tsofaffin kejin nan na kajin ƙwai, waɗanda kaza ba ta samun ko wurin buɗe fiffike. A nan Legas na shiga gonar da na tarar da kaji huɗu a keji ɗaya, warin kashi ya sa idona hawaye kafin in kai tsakiyar ɗakin.

To amma ɗanki ya taɓa ganin yadda kazar Hausa ke isowa Legas? A ƙauye kam ta more, tana tono tana wankan ƙura, in ta tsira daga shaho da annobar da ke share akurki lokacin hunturu. Ita ma annobar da rigakafinta, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da ke jihar Filato tana yin sa, kaiwa ƙauye ne aiki. Daga ranar da aka sayar da ita a kasuwar ƙauye sai a cusa ta a kwando, a ɗora saman mota, tafiyar fiye da kilomita 1,000, rana ta doke ta, sau da yawa ko ɗigon ruwa babu. Na sha tsayawa da asuba ana sauke kaya, a fara tsince matattu a jefar gefe kafin a soma ciniki. Shanun da ake kaiwa mayankar Oko-Oba a Agege su ma haka suke shan tirela, wani sai an ja shi da igiya don ƙafa ta sage. Mu ne fa muka haddace hadisin da ke cikin Sahihu Muslim, mai umartar a wasa wuƙa, a hutar da abin yanka. Hutun nan ai ba a bakin wuƙa kaɗai ya tsaya ba.

Ni dai Hajiya ba zan ce ki bar kajin turawa ba, don da kajin Hausa kaɗai aka dogara, da talakan Legas sai ya shekara bai ga cinya ba. Ki nemi mai ƙaramar gona a wajen Ikorodu ko Epe, wanda yake kiwo a ƙasa kan ɗiddigar katako, ki je da ƙafarki. Ki duba ko kajin na tashi su yi tafiya, ko shimfiɗarsu a bushe take, ko ruwansu garau ne ko launin magani. Ki tambaye shi yaushe rabonsu da magani. Wanda ya hau kame-kame, ki yi masa sallama. Daskararrun kajin da ake satar shigowa da su ta kan iyakar Seme kuwa, waɗanda gwamnati ta haramta tun mulkin Obasanjo, ba ki san sau nawa suka narke suka sake daskarewa a hanya ba.

Yaran da ke ɗauko miki kaji su daina riƙe su kai a ƙasa, a ba su ruwa da inuwa, kada kuma a yanka ɗaya a gaban 'yar'uwarta. Shi kuwa ɗan boko, tunda hutu yake, ki damƙa masa dutsen wasa wuƙa.